Abiti Mdoka, Muryar Cibiya

Na Allah ne mu duka, kuma ɗaya bayan ɗaya yake kiranmu mu koma gare shi. Ranar Talata, huɗu ga watan Fabrairu na shekarar 2025, jim kaɗan bayan la'asar, kira ya zo kan Awetu Mdoka, wadda duk bakin tafki ya sani da Abiti Mdoka, wato 'yar Mdoka, shugabar ɗakin sadarwar gaggawa na yankinmu. Ta cika a kan hanyar birnin Zomba, a bayan motar asibitin da nake tuƙawa. Ta bar miji da 'ya ɗaya da jikoki, ta kuma bar mu, direbobi da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da masu jiragen ceto, waɗanda muka shafe shekaru muna tafiya inda muryarta ta ce mu tafi.

Ban so yin wannan rubutu ba. Abokan aiki ne suka ce tunda a hannuna ta tafi, ni ya kamata in faɗi wani abu. Na ce musu ni direba ne, kuma na gaji. Kusan shekara talatin ke nan ina ɗaukar mutane daga gidajensu zuwa asibiti, wasu su isa, wasu ba su isa ba. Na zaci zuciyata ta yi kanta irin ta tafin hannun manomi. Sai ga shi har yau, idan oba-obar mota ta yi ƙara, sai in gyara zama ina jiran muryar da na san ba za ta fito ba. To, bari in faɗi abin da na sani, Abiti Mdoka, ko na samu sauƙi.

Muryarki na fara sani kafin fuskarki. A lokacin tsohuwar oba-oba muke amfani da ita, mai shuu kamar ana suya, wadda idan mota ta shiga kwari sai magana ta ɓace. Kina zaune a wani ɗan ɗaki a bayan ofishin lafiya, ana kiranki Cibiya, ni kuma ana kirana Mota ta Shida. Damina biyu muna magana kullum ban taɓa ganinki ba, domin a can gaɓar gabas aka ajiye ni. A raina na ƙera wata doguwar mace mai faɗin kafaɗa, irin wadda ba a yi mata musu. Ranar da na kawo mota gyara na leƙa ɗakin, sai na tarar da wata 'yar firit ɗin mata, ƙafafunta ba sa ko taɓa ƙasa daga kan kujera, tana gaigayar gasasshiyar masara. Na ce ina neman Cibiya.

"Kai ne Ta Shida," kika ce, ba da sigar tambaya ba. "Kai ne mai yi mini ihu a kunne. Che Twalibu, na'urar nan ba kurma ba ce, ni ma haka. Zauna ka ci masara."

Ashe har sunana kin sani, kika haɗa da "Che" ɗin girmamawa irin na mutanenmu. Ban sake ɗaga murya a oba-oba ba. Daga baya na gane kowa da irin ranar da kika koya masa wannan karatu: a hankali, kalma bayan kalma, ka faɗi inda kake, ka faɗi abin da ka gani, sannan ka faɗi abin da kake so.

Waɗanda suka shigo aikin nan kwanan baya ba su san yadda muke a da ba. 'Yan sanda da tasu na'urar, asibiti da tasa, 'yan kwana-kwana da tasu, jirgin sintiri na tafki da tasa, kuma babu wadda ke jin wata. Motoci biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, direbobi su sauke gilashi su gaisa, amma na'urorinsu ba su san juna ba. Wayar hannu kuwa ba ta kai gaɓar gabas ba tukuna. Mun saba, muna ganin haka duniya take.

Sai shekarar da iskar tafki mai ƙarfi da muke kira mwera ta kifar da jirgin 'yan kasuwa kusa da Mwanjati. Masunta suka tsamo waɗanda suka iya tsamowa, suka kai su gaɓa mafi kusa. Labari ya iso miki ta bakin wani mai keke, wanda shi ma a bakin wani ya ji, ya kuma ambaci wata gaɓa dabam. Kika tura ni inda aka ce miki. Na isa na tarar da yashi da komaye a shanye, babu kowa. Na tsaya ina kallon igiyar ruwa, alhali a bayan hancin dutsen da ke gabana mutane ne kwance, sanyi da ruwan da suka sha suna kashe su. 'Yan sanda sun san wurin tun da hantsi, motarsu ma tana can, amma ba su da hanyar gaya mana. Da kika ji shirun ya yi yawa, sai kika tuɓe takalmi kika ruga ofishinsu, kika tambaya, kika rugo kika kira ni kina haki. Ranar ce kaɗai na taɓa jin numfashinki a oba-oba. Kafin in zagaya dutsen, wata mata da 'yarta, waɗanda aka tsamo da rai, sun cika a kan yashi.

Kin je jana'izarsu, ba ki san kowa a gidan ba. Kika zauna cikin mata har aka watse. A hanyar dawowa ba ki ce laifinki ne ba, ba ki kuma wanke kanki ba. Abin da kika ce kawai shi ne, "Ba zan sake gudu da ƙafa in kai saƙon da iska za ta iya kaiwa ba."

Daga nan aka shiga shekarun taro. Wanda bai zauna taron hukumomi ba bai san gajiya ba. A sha shayi, a yi jawabi, kowa ya yarda abu ne mai kyau, a tashi. In an sake haɗuwa sai ka ga sababbin fuskoki, an yi wa na da canjin wurin aiki, a koma farko. Kin sha shiga motar haya tun asuba zuwa birni, ki dawo da ƙafafu a kumbure, ba ki samo komai ba sai "za a duba". Da masu tallafi suka yarda za su kafa sabuwar hanyar sadarwa ta dijital da za ta haɗa gundumomin bakin tafki, muka ce an gama. Ashe a nan aka fara. Kowace hukuma tana son na'urar, babu wadda ke son wata ta ji maganarta.

Wanda ya fi kowa kafewa shi ne Sufeto Kachingwe, mai kula da sadarwar 'yan sanda a lokacin. Da yawanmu mun ɗauka taurin kai ne kawai. Ke ce kika bi diddigi kika gano ya taɓa binne wani kurtunsa, wanda ɓarayin shanu suka yi wa kwanton ɓauna bayan sun saurari tsohuwar oba-oba da wata na'ura da suka saya a kasuwa. Kika ce wanda ya binne nasa yana da haƙƙin ya ji tsoro. Ba ki taɓa yi masa gardama a gaban mutane ba. Kika zauna da injiniyoyi kwana da kwanaki har kika fahimci yadda sabuwar na'urar ke kulle murya, baƙon kunne ba zai ji komai ba. Sannan kika je masa da bayani irin namu: gida ne babba, kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma akwai tsakar gida guda, inda in gobara ta tashi kowa zai fito a yi magana. Ya sallame ki cikin ladabi, kika dawo. Ya sake, kika sake.

"Amao," wato Inna, ya ce miki wata rana a gabana, "kin fi sauro naci."

"Sauro in ya ƙoshi tafiya yake, Sufeto. Ni gobe ma ina nan."

Ya yi dariya har ya cire hula. Kafin ƙarshen daminar ya sa hannu, da sharaɗin shi zai riƙe makullin ɗakin 'yan sanda. Kika ce dama ba ki taɓa neman makullin kowa ba. Har yau "tsakar gida" muke kiran layin da ya haɗa mu duka, ko da yake a takardar gwamnati wani dogon suna ne da ba wanda ya haddace.

Gidanki ne ya ɗauki nauyin duk wannan. Mijinki, Che Ajasi tela, shi ke kawo miki tuwo da miyar ƙananan kifin usipa a bayan keke da tsakar rana, ya zauna a bakin ƙofa har ki cinye, don ya san in ya tafi a kwano tuwon zai huce. Yakan ce mana, "Ku kun fi ni morar matata. Ni in ina so ta saurare ni da kyau, sai dai in karya ƙafa in kira Cibiya." Ba kya ko ɗaga kai, sai ki ce, "Karya mana, za a turo mota." 'Yarku Lukiya kuwa, a gefen teburin nan ta yi rabin aikin makarantarta.

Hanyar sadarwar a kan ƙarafuna take tsaye, waɗanda aka kafa a bisa duwatsu, kowanne da faifan sola da baturansa, wannan ya miƙa wa wancan magana har ta zagaye tafki. Na kan Dutsen Lisale shi ne ƙashin bayan gaɓar gabas. In ya mutu, duk mun kurmance. Kuma shi ɓarayi suka fi so. A kwashe batura, a sa sababbi, a sake kwashewa. An yi shinge, an yanke. An sa mai gadi, ya gudu. Wasu suka ce a kama matasan ƙauyen da ke jikin dutsen a tsare har su faɗi gaskiya. Kika ce a bari ki je tukuna. Ni na kai ki iyakar inda mota ke tsayawa, muka hau sauran da ƙafa, kina hutawa a kan kowane falalen dutse. Dagacin ya karɓe mu a gindin mangwaro. Bai ce su suka sata ba, bai kuma yi rantsuwa ba. Ya nuna ƙarfen da sandarsa ya ce, "Wannan abu yana tsaye a kanmu dare da rana yana kai maganar wasu. Mu kuwa in naƙuda ta yi wa mace gardama, a kan ƙyaure muke ɗora ta mu sauko da ita. Amao, gadin me za mu yi?"

Muka sauko. Ƙa'ida ta hana a ba wanda ba ma'aikacin gwamnati ba na'urar, don haka kika koma zaman taro, wata da watanni, har aka sassauta. Aka ajiye oba-oba guda a gidan dagaci, kika sake hawa dutsen da gwiwoyin nan naki, kika koya wa matarsa yadda ake dannawa. Ban ce sata ta ƙare a duniya ba, amma ba a sake taɓa Lisale ba. Ni da kaina na ɗauko mata masu naƙuda daga gindin dutsen waɗanda 'ya'yansu yanzu suna makaranta.

Sai shekarar babban ruwa, wadda ba na son tunawa. Ruwa ya yi kwanaki yana zuba ba sassauci, wayoyin hannu suka mutu, wuta ta tafi, hanyoyi suka yanke. Abin da ya rage yana magana a duk yankin shi ne tsakar gida. Ranar da abin ya fi tsanani na ɗauko wata mai ciki da jini ya ɓalle mata, ina gudu zuwa gadar Litete. Hantsi ne, amma duhun hadari kamar magariba, ba na ganin abin da ya wuce hancin mota. Sai muryarki, ba sauri ba ɗagawa: "Ta Shida, tsaya inda kake. Tsaya yanzu." Na taka birki. Ashe wani ɗan sanda a tsallake ya ga gadar ta tafi, ya faɗa a tsakar gida, ke kuma kin san ina kan hanyar. Na sauka na ɗan taka, sai ga inda kwalta ta ƙare, ƙasa da ita jan ruwa yana wucewa da itatuwa. Kika juya ni zuwa gaɓa, kika sa jirgin sintiri ya tare ni, matar ta haihu a asibiti. Na daɗe ban ba matata wannan labari ba.

Amma ke ba wannan kike tunawa ba in an ambaci shekarar. Che Stambuli kike tunawa, jami'in lafiya na ƙaramin asibitin Mwanjati, wanda ruwa ya kora shi da majinyatansa zuwa kan rufin kwano. Yini guda kina tare da shi, kina gaya masa inda jirgi ya kai, kina sa shi ya kashe na'urar ya kunna don batir ya kai shi. Duk muna ji. Kin tambaye shi sunayen 'ya'yansa, ya faɗa. Kin yi masa tsiya a kan ƙungiyar ƙwallon da yake goya wa baya, ya rama. Da jirgi ya iso aka ga ba zai ɗauke su duka ba, sai ya sa majinyatan a ciki, ya ce zai jira sawu na biyu. Kafin jirgin ya dawo ginin ya rufta da shi. Kika ci gaba da kiransa. "Mwanjati, Cibiya ce." Ki jira. Ki sake. Ba wanda ya iya ce miki ki bari, sai Sufeto Kachingwe da ya zo har ɗakin ya tsaya a kanki ya ce, "Amao, akwai masu rai suna jiran layi." Kika share fuska da haɓar zane kika ce, "Wa ke kira?"

Da ruwa ya janye aka zo da manyan motoci aka yi jawabai, aka ba ki takardar yabo a cikin gilashi. Ban taɓa ganinta a bango ba.

Na so in ce daga nan komai ya daidaita, amma ba haka aka yi ba. Masu tallafi suka cika wa'adinsu suka tafi. Na'ura kuwa tsufa take kamar mutum. Batir ya mutu, a ce sai kasafin baɗi. Tsawa ta faɗa wa ƙarfe, a rubuta, a yi ta jira. Kika koyi ciro kayan matacciyar oba-oba ki rayar da wata, kamar yadda mu direbobi muke yi da tayoyi. Waɗanda kika horar, da sun ƙware sai su tafi Afirka ta Kudu neman abin da ya fi, kuma ba ki taɓa zagin ko ɗaya ba. Kin ce mai iyali ba a hana shi tafiya. Sai ki ɗauko wani ki fara daga farko. Lokacin ritayarki ya yi, aka roƙe ki ki ƙara shekara, kika ƙara, aka sake roƙo. Hawan jini ya kama ki, kumburin ƙafa ya daina sacewa.

A watan jiya na tarar kin kifa kai a tebur da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Na ce ko in kai ki gida.

"Na gaji, Che Twalibu," kika ce. "Ba gajiyar barci ba. Kamar ɗinkin tsohon zane nake, in kama nan, can ya yage."

Na ce, "Amma dai yana rufe mutane, Amao."

"Yana rufewa. Je ka, kar ka tsaya yi mini wa'azi."

Ranar Talatar nan, gab da azahar, kika zame daga kan kujera, ɓarin jikinki ɗaya ya saki. Likita ya duba ya ce sai babban asibitin Zomba. Motata ce a kusa. Muka shimfiɗa ki a baya, Lukiya tana riƙe da hannunki, nas a ɗaya gefen. Daina Mkomba, wadda ta fi kowa daɗewa a hannunki cikin waɗanda suka rage, ita ta hau kujerarki.

Ina so a san wannan: komai ya yi aiki yadda kika tsara. Kafin in fita ƙofar asibiti Daina ta faɗa a tsakar gida. Kowane shingen 'yan sanda na tunkara sai in tarar an ɗage shi, kurata na tsaye suna ɗaga mini hannu in wuce. A kasuwar bakin titi, inda kullum sai ka yi ta hon, an kawar da masu keke da masu tallan kifi. Ma'aikatan hanya suka kira suka ce ruwa ya ci gefen titi a gaba, in bi tsakiya. Asibitin can ya amsa cewa gado na jira, likita na tsaye. Tunda nake tuƙi ban taɓa samun hanya a buɗe haka ba.

Muryar Daina ce kawai ke rawa. Tana haɗiye kalmomi, tana kiran wannan mota da lambar waccan. Sai na ji an ƙwanƙwasa gilashin da ke bayana. Lukiya ce.

"Baba Twalibu, tana magana, da ƙyar nake ji. Wai ka ce wa Daina ta ja numfashi, ba ita ce mara lafiyar ba."

Na danna na faɗa yadda aka ba ni. Sai Daina ta ce, "Cibiya ta ji." Daga nan muryar ta zauna.

Ba ki sake cewa komai ba sai kalmar shahada, wadda Lukiya ta ga leɓɓanki na bi. Mun haye gadar kogin Shire, mun fara hango duwatsu, sai nas ta ƙwanƙwasa gilashin a hankali. Na san irin wannan ƙwanƙwasar. Na kashe jiniya, na gangara gefen hanya na tsaya. Na daɗe riƙe da na'urar ban danna ba. Na sha faɗin wannan magana a kan mutanen da ban sani ba, ke kuma kina amsa mini. Na danna na ce, "Cibiya, Ta Shida ce. Ina gefen hanya, bayan gada. Babu sauran sauri. A sallami gadon."

Na san duk bakin tafki yana ji. Can sai wata murya ta shigo, ta wani da bai san abin da ake ciki ba, daga wani ƙaramin asibiti a kan tudu: maciji ya sari wani manomi, ƙafa ta kumbura har cinya, ba su da allura, suna neman mota. Na ji Daina ta tambaye shi inda yake da abin da ya gani, ta ce ya ɗan jira. Sannan ta kira ni. Ta ce babu mota a ƙasa, ɗaya tana gareji, ɗaya tana can gaɓar gabas.

"Baba Twalibu," ta ce, ta ma manta da lamba, "in ka dawo da ita, za ka iya?"

Na juya na kalli Lukiya ta gilashi, fuskarta jage-jage da hawaye. Ta ce, "Yi sauri mana, Baba. In ka yi jinkiri saboda ita, ba za ta yafe mana ba."

Na kunna jiniya na juya kan mota. Haka aka mayar da ke, Abiti Mdoka, a guje, ba a hankali ba kamar yadda ake yi wa gawa. Na sauke ki a asibitinmu, inda Che Ajasi ke tsaye riƙe da kekensa, ban ko tsaya na yi masa gaisuwa yadda ya kamata ba, na wuce tudu. Manomin ya rayu, ko da yake ƙafar ba ta rayu ba.

Washegari aka binne ki cikin yayyafi. Ban taɓa ganin kaki iri-iri a sahu ɗaya kamar na ranar ba. Sufeto Kachingwe, wanda ya daɗe da yin ritaya, ba Musulmi ba ne, don haka ya tsaya a bayan sahu da hula a hannu, ya ƙi lema, har aka idar.

An fara maganar a sa wa ɗakin sunanki. Ba ni da ta cewa a kan wannan. Na dai san ƙarafuna biyu a gaɓar gabas sun mutu tun bara, ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu sun koma aika mai keke, kuma damina ba ta ƙare ba. Wanda yake son ya girmama ki ya san inda zai fara.

Che Ajasi, ka yi mini afuwa a kan gaisuwar da ban tsaya na yi ba. Ga ta nan yanzu. Ka ara mana ita shekara da shekaru, ba ka taɓa ɗaure mana fuska ba, mun kuma dawo maka da ita a makare. Allah ya ba ka haƙuri, ya saka maka da alheri. Lukiya, Allah ya raya miki 'ya'yanki, ya sa ki ji sanyin abin da kika yi a ranar. Ina miƙa ta'aziyyata ga dukan dangin Mdoka, da maƙwabta, da Daina da sauran masu zama a kujerar nan, da duk wanda ya taɓa danna na'ura cikin ruɗewa ya ji an amsa masa.

Ke kuma, Abiti Mdoka, Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi. Ya sa duk ran da aka tserar ta hanyarki ya zame miki shaida, ya haɗa ki da waɗanda ba a kai gare su ba a inda babu tuhuma. Ya sa Aljanna ce makomarki. Kin ce kin gaji. Allah ya ba ki hutun da mu ba mu iya ba ki ba. Mu da muka rage, ya ba mu ƙarfin fita gobe, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Twalibu Mpango, direba